Zuwa ga Yaya: Kasuwar Littattafan Tarihi a Paris da Landan

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso. Ka ce in dubo maka littattafan tarihin duniya da na siyasa, in kuma faɗa maka inda suka fi araha, tunda na zauna a Faransa kafin aiki ya maido ni Ingila. To ga abin da idona ya gani.

A Faransa ba a taya littafi. Farkon zuwana Paris na ɗauki wani jibgegen littafi kan juyin juya halin 1789, na tambayi matar da ke shagon nawa za ta rage min. Ko uffan ba ta ce ba, sai ta juya bayan littafin ta ɗora yatsa a kan farashin da aka buga a jikin bangon. Daga baya na fahimci doka ce tun 1981, wadda ake kira da sunan Jack Lang, ministan al'adu a zamanin Shugaba Mitterrand. Kamfanin da ya buga littafi shi ke yanke kuɗinsa, kuma ba mai ikon rage fiye da kashi 5 cikin ɗari a kan sabo, ko ƙaton kanti ne ko ɗan shago a lungu. Tun watan Oktoban 2023 ma masu sayarwa ta intanet dole su karɓi aƙalla yuro 3 na aikawa idan sayayyar ba ta kai yuro 35 ba. Ranar da matar ta ƙi rage min na ji haushi, amma yanzu ina ganin amfanin dokar. Ƙananan shaguna ba su mutu ba, kuma mai shagon yakan san kayansa. Ka ce masa kana neman abu kan yaƙin Aljeriya na 1954 zuwa 1962, zai zaro maka uku, ya gaya maka wanne ne na ɗan koyo, wanne ne na malamai.

Ingila kuwa kasuwa ce sake. Su ma sun taɓa yin yarjejeniyar farashi ɗaya tun 1900, ta wargaje a 1995, kotu ta ƙarasa binne ta a 1997. Littafi ɗaya sai ka same shi da kuɗi uku a wurare uku. Gwamnati ba ta ɗora wa littafi harajin sayayya a nan, alhali Faransa na karɓar kashi 5.5. Sai dai akwai tarko. Sabon littafin tarihi yakan fara fitowa da bango mai tauri, wajen fam 25, sai bayan kamar shekara a fito da mai bangon takarda a kusan rabin kuɗin. Zumuɗi ya sa na taɓa sayen na farko, ban ma kai ga karanta shi ba na ga ƙanensa a kanta yana min dariya.

Inda arahar take shi ne gwanjo. Shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam cike suke da littattafan da mutane suka bayar kyauta, da fam biyu ko uku sai ka fito da tarihin Daular Usmaniyya sukutum, wani lokacin da rubutun fensir na mai shi na farko a gefen shafi. Paris na da nata 'yan gwanjon, masu koren akwatuna a bakin kogin Seine, amma da yawansu yanzu hotuna da tsarabar 'yan yawon buɗe ido sun fi yawa a gabansu.

Laburaren unguwa kyauta ne a garuruwan biyu. A nan takardar shaidar adireshi kawai na nuna aka ba ni kati, ina ɗaukar littafi na mako uku. Babban laburaren ƙasa da ke unguwar St Pancras a Landan kuma doka ta ba shi kwafin duk littafin da aka buga a Birtaniya. Ba a fita da komai daga ciki, kuma biro ba ya shiga ɗakin karatu, sai fensir.

Abin da ya fi ɗaure min kai ba kuɗin ba ne, Yaya, abin da ke kan kantar ne. Kowa gwaninsa yake yaba. Sashen tarihi a Landan Yaƙin Duniya na Biyu da Churchill da sarakunan gidan Tudor sun cinye shi. A Paris kuma Napoleon ne da de Gaulle. Har a sunayen tashoshin jirgin ƙasa abin ya fito: Landan na da tashar Waterloo, mai sunan wurin da aka karya Napoleon a 1815, Paris na da tashar Austerlitz, mai sunan wurin da ya yi nasara a 1805. Ka ce wa mai karatun tarihi a Ingila 18 ga Yuni, Waterloo zai tuna. Bafaranshe kuwa jawabin Janar de Gaulle na wannan rana a 1940 zai tuna, na kiran Faransawa su ci gaba da yaƙar Jamus, wanda ya yi ta rediyon BBC daga Landan ɗin nan.

Saboda haka na yanke shawarar haɗo maka bibbiyu a kan kowane batu, ɗaya na marubucin Ingila, ɗaya na Bafaranshe da aka fassara zuwa Turanci. Zan haɗa da jerin ƙananan littattafan nan na kamfanin ɗab'in Jami'ar Oxford da aka fara bugawa a 1995, masu shiga aljihu, don yara su fara da su. Faransawa na da irinsu tun 1941, kowanne shafi 128 cif, amma na san Faransancinka bai wuce gaisuwa ba.

Nauyin kaya ne matsalar, kuɗin aikawa kan fi kuɗin littafin gwanjo. Ka zaɓi batutuwa biyar da ka fi buƙata ka turo min kafin ƙarshen wata, akwai mai tahowa da ya yarda ya rage min wuri a jakarsa. A gaida Hajiya da yara.