Kwikwiyo mai wawurar abinci da shaƙuwa: wane kwano ya dace a saya masa?

Shaƙuwa ba baƙuwa ba ce ga kwikwiyo. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne yake zabura, maƙogwaro ya rufe nan take, sai a ji wannan ɗan sautin. Yawanci cikin 'yan mintuna take wucewa, kuma tana raguwa yayin da kare yake girma. Abin da ya fi tayar da ita shi ne gaggawar ci da sha, domin kwikwiyon da ke wawurar abinci yana haɗiye iska tare da shi. Shaƙuwar kanta ba ta cika yin illa ba. Abin da ya fi damuna shi ne sauran abin da gaggawar ke jawowa: ƙwarewa, dawo da abinci bai narke ba, da kumburin ciki. Saboda haka duk abin da za a saya, aikinsa ɗaya ne, ya rage saurin ci.

Wanda aka fi samu shi ne kwano mai tudu-tudu ko layuka masu lanƙwasa a ciki, wanda ke sa kare ya riƙa zaƙulo abinci kaɗan-kaɗan. Na roba ya fi araha, ga shi iri-iri, amma yana da matsala babba ga kwikwiyo. Daga wajen wata 3 ko 4 zuwa wata 6 ko 7 yana famfara, duk abin da ya samu sai ya gwaguya. Robar da aka gwaguya tana yin kaifi, gutsurenta na iya shiga ciki, kuma ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a inda ta karce. Na tangaran yana da nauyi, ba ya yawo a ƙasa, sai dai da zarar ya tsage a jefar da shi. Ni dai na fi natsuwa da na ƙarfen da ba ya tsatsa: ba ya gwaguyuwa, ba ya riƙe wari, wankinsa ba wahala. Tudunsa bai kai na roba sarƙaƙiya ba, don haka bai rage saurin ci kamar na roba, amma ga ƙaramin kwikwiyo hakan ya wadatar. A duba wanda ke da zoben roba a gindi don kada ya zame.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne zaɓen kwanon da ya fi kowanne wuyar ci, ana ganin shi ne ya fi aiki. Kwikwiyon da ya kasa kai wa ga abincinsa ko dai ya kifar da kwanon, ko ya goge hanci da dasashi, ko ya haƙura ya tafi da yunwa, kuma yunwa ba abin wasa ba ce ga ɗan ƙanƙanin kare, musamman ƙananan jinsi da sukarin jininsu ke saurin faɗuwa. A dubi fuskarsa kafin a biya kuɗi. Masu gajeren baki irin Pug da Bulldog suna buƙatar tudu gajere da fili mai faɗi, masu dogon baki kuwa suna iyawa da mai zurfi.

Idan jiƙaƙƙen abinci yake ci, faifan lasa na silikon, wata irin roba mai laushi, ya fi kwano. Ana shafa abincin a kansa, ya yi ta lasa, babu damar yin loma. Ga busasshen abinci mai ƙwaya-ƙwaya akwai shimfiɗa mai gezar tsumma da ake barbaɗa abincin a ciki ya nemo da hanci. Tana rage gudu sosai, tana kuma gajiyar da shi, amma wankinta aiki ne, kuma ba a barin kwikwiyo da ita shi kaɗai domin zai iya yagar tsumman ya haɗiye. Abin wasan roba mai rami da ake cusa wa abinci, irin Kong, yana da kyau ga ciye-ciyen tsakanin lokuta, sai dai bai ɗaukar cikakken abinci.

Kwano mai ƙafa wanda aka ɗaga daga ƙasa fa? Ana tallarsa da cewa yana taimakon narkewar abinci. Binciken da aka yi a Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda aka wallafa a 2000, ya danganta shi da ƙaruwar haɗarin murɗewar tumbi a manyan jinsin karnuka. Kada a saya sai likitan dabbobi ne ya ce a saya saboda wata lalura.

Kafin ma a je sayayya, a gwada baza abincin a faffaɗan faranti, a kuma raba shi: sau 4 a rana har zuwa wajen wata 3, sau 3 har zuwa wata 6. Idan 'yan kwikwiyon suna da yawa, kowa da kwanonsa a wuri dabam, domin sau tari rige-rige da 'yan'uwa ne ya koya masa haɗama. A tabbatar kuma an ba shi maganin tsutsar ciki a kan lokaci.

Babu kwanon da zai maye gurbin likita. Idan shaƙuwa ta ɗauki awanni, ko ta zo da tari, amai, ƙin cin abinci ko wahalar numfashi, a kai shi a duba. Idan kuwa ciki ya kumbura ya yi tauri, yana kakarin amai babu abin da ke fitowa, wannan na gaggawa ne, a tafi da shi a lokacin ko da tsakar dare ne.