Sharhina kan Godot, ga masu son fara haɗa gem da tsohuwar laftof

Jama'a masu yawan tambaya wane inji za su fara da shi in suna son haɗa gem, ni dai Godot nake amfani da shi yanzu wajen wani ɗan gem ɗin waya na 2D da nake ta fama da shi, kuma gaskiya ba ni da niyyar canzawa.

Abin da ya fara burge ni shi ne nauyinsa, ko in ce rashin nauyinsa. Fayil ɗaya za ka sauke a dunƙule, bai kai megabayit 100 ba, ka warware ka danna ya buɗe, ba buɗe akawun ba tambayar imel ba cewa sai da intanet, kuma in ka manta yadda wani abu yake aiki F1 kawai za ka danna bayanin ya fito a cikinsa ko babu data. Laftof ɗina tsohuwa ce, fankarta har kuka take in an matsa mata, amma da na zaɓi Compatibility (tsarin nuna hoto na na'urori marasa ƙarfi) lokacin buɗe sabon aiki sai ta riƙe lafiya lau. Har na waya akwai a Play Store, kodayake rubuta kod a kan allon waya wahala ce wallahi sai in ka haɗa kibod.

Ni a ganina wannan sauƙin ba haka kawai ya zo ba. 'Yan Ajantina biyu ne suka ƙirƙire shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sake shi kyauta a 2014 da lasisin MIT, wato ko gem ɗinka ya yi kasuwa babu mai zuwa ya ce a ba shi kaso. Duk wanda ya bi labarin Unity, wani babban injin haɗa gem, a Satumban 2023, da suka ce za su riƙa cajin masu gem duk lokacin da wani ya girka gem ɗinsu a na'ura, ya ga yadda mutane suka yi ta tururuwa zuwa Godot. Daga baya a 2024 sun janye maganar gaba ɗaya, amma hankalin ƙananan masu haɗa gem ya riga ya tashi, musamman waɗanda kuɗin ƙasarsu ba ya ja da dala.

Kuma fa harkar nan ta daɗe da wuce Amurka da Japan kaɗai. Mutum ɗaya ne a Hanoi ta Biyetnam, Dong Nguyen, ya yi Flappy Bird a 2013 duniya ta ɗauka. Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru sun fitar da Aurion a 2016, Toge Productions na Indonesiya suka zo da Coffee Talk a 2020, a shekarar ne kuma Zynga ta sayi Peak na Istanbul kan dala biliyan 1.8, sannan Epic ta sayi Aquiris na Barazil masu Horizon Chase a 2023. Ba da Godot aka yi waɗannan ba, kar wani ya ce na faɗa, abin da nake nufi waya mai araha ta kai hannun kowa a ƙasashen nan, 'yan wasa sun yi yawa, kuma yaron da ya taso yana buga gem wata rana sai ya ce shi ma zai gwada nasa, to irin wannan yaron inji kamar Godot ne zai iya ɗauka ba tare da ya nemi babbar kwamfuta ba.

Yaren kod ɗinsa GDScript, yana kama da Python sosai, in ka taɓa Python za ka saba da wuri. Komai kuma a ciki node ne, ɗan wasanka node, hotonsa node a ƙarƙashinsa, abin da ke gane karo shi ma node, ka haɗa su ka adana sai ka riƙa ɗora su duk inda kake so kamar mai jera bulo. Wannan tsarin ne na fi so a duk injin.

Sai dai a kula da bidiyoyin koyarwa. Godot 4 ya fito a Maris 2023 da sauye-sauye masu yawa, kuma tsofaffin bidiyoyi na nan birjik ba su rubuta ko na wane ne ba. Akwai wanda na bi, malamin yana ta cewa a saka node mai suna KinematicBody2D, na rubuta a wurin bincike babu shi babu alamarsa, ashe sunan ya koma CharacterBody2D, a cikin kod ma kalmar yield ta zama await. Ku duba shekarar bidiyo kafin ku ƙona datarku.

Fitar da gem zuwa Android ma ba danna maɓalli ɗaya ba ne, sai ka sauke fayilolin fitarwa da suka ninka injin kansa nauyi nesa ba kusa ba, ka haɗa da JDK da Android SDK, wato kayan aikin haɗa manhajar Android, a nan sauƙin datar da na yaba ya ɗan ragu. Masu burin PlayStation ko Switch kuma su sani babu hanyar kai tsaye a cikinsa saboda ƙa'idojin sirri na kamfanonin, sai ta hannun kamfanoni irin su W4 Games. Hanyar saka talla a gem ma ba ta zo a ciki ba, wani ɗan ƙari na sauke da wani bawan Allah ya rubuta, ya ƙi aiki da sigar da nake kai, sai da na nemo wani.

Ga mai gem 2D na waya ko kwamfuta ina ba shi 8 cikin 10. Mai son 3D irin na manyan kamfanoni ya duba injin Unreal, in kwamfutarsa za ta ɗauka.