Suwic mai tsada bai ƙara wa sauti komai ba

Sati uku na yi ina gwada wani suwic na intanet, wato akwatin da ke rarraba intanet ta kebul ga na'urori, wanda ake tallata wa masu son sauti mai tsabta, a wani falo a nan Jidda. Na sa shi tsakanin rautar gida da na'urar da ke janyo sauti ta miƙa wa DAC, wato mai mayar da lambobi sautin da amfilifaya ke kai wa lasifika. Wani ya riƙa canja kebul tsakaninsa da suwic gama-gari a bayana har sau 20, ƙarfin sauti a mataki ɗaya, waƙa da karatu duka. Kunne ya kasa raba shi da suwic gama-gari mai rami biyar.

Ba abin mamaki ba ne. Sautin faifan CD megabit 1.4 yake ci a daƙiƙa, mai nauyin bit 24 da kilohaz 192 bai kai megabit 10 ba, layin intanet ɗin kuwa megabit 1,000 yake ɗauka. Kowane ƙunshin bayanai yana tafe da lambar tantancewa. Wanda ya lalace a hanya watsar da shi ake yi, a sake aiko wani. Sannan na'urar tana tara sautin a ma'ajiyarta kafin ta sake shi bisa agogon DAC, ba na suwic ba. Zare kebul ɗin ana tsakiyar karatu ka gani: mai karatu zai ci gaba na wasu daƙiƙu kamar ba a yi komai ba. To ina suwic ya sa hannu?

Inda aka samu canji, na ɓarna ne. Kebul ɗin da ya zo a kwalin mai rufin ƙarfe ne, ya haɗa jikin suwic da na na'urar, sai ga gurnani ƙasa-ƙasa a lasifika, irin na wutar Saudiyya mai haz 60. Sai ka rage ƙarar ka kara kunne kake jin sa. Da aka sa kebul ɗin intanet gama-gari, Cat6 mara rufi, gurnanin ya ɓace, don kowane ramin intanet yana da 'yar tiransifoma da ke raba wutar ɓangarorin biyu, rufin ne ke tsallake ta. Adaftar wuta mai arha ma kan sa ƙara a lasifika; raba mata soket da amfilifaya.

In sauti na yankewa, yawanci Wi-Fi ne: bangon kankare, ga rautocin maƙwabta cunkushe a benen. Ja kebul, kada ya wuce mita 100. Ragowar riyal ɗin a kai wa lasifika da labule mai kauri, don tayil ɗin falo amsa-kuwwa yake yi.