Hayar teburin dol a Koriya ta Kudu: ta dace da iyayen riƙo masu jira?

Ranar da yaro ya cika shekara ɗaya a Koriya ta Kudu ana kiranta dol, bikin kuma doljanchi. Masu hali sukan kama zauren biki ko gidan cin abinci, amma akwai hanya mai arha da ta yaɗu sosai, wato hayar teburin bikin da ake kira dolsang. Ana kawo kayan cikin kwalaye har ƙofar gida kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a shimfiɗa, a yi biki, a mayar da su yadda suka zo, ɗan aike ya zo ya kwashe. An tsara hidimar ne don iyalin da ke zaune a ƙasar. Abin dubawa a nan shi ne ko tana yi wa ma'auratan da ke Amurka ko Kanada ko Ostareliya amfani, waɗanda aka haɗa su da jariri don su ɗauke shi riƙo, takardu ba su kammala ba, ga ranar dol ta iso yaron yana hannun uwar raino.

Haka kuwa yawanci abin yake kasancewa. A tsarin dokar riƙo ta 2012, wanda ya yi aiki har Yulin 2025, sai an shafe wata 5 ana nema wa yaro gida a cikin ƙasar kafin a waiwayi na waje, sannan a jira izinin fita daga ma'aikatar lafiya da walwala, sannan kotun iyali ta yanke hukunci. Kafin a gama wannan zagaye, yaro ya wuce shekara ɗaya, wani ma yana dab da biyu. Daga Yulin 2025 kuma gwamnati ta karɓi ragamar harkar daga ƙungiyoyi masu zaman kansu, don haka abin da aka yarda wa wani iyali shekaru biyar baya ba hujja ba ne a yau. A tambayi jami'in da ke riƙe da fayil ɗin yaron tukuna.

Abin da ke cikin kwalin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: gajeren tebur na zaman ƙasa da mayafinsa, allon bango mai naɗewa da ake kira byeongpung ko kuma yadi mai zanensa, faranta masu ƙafa na tagulla ko katako, furannin roba, wainar shinkafa ta ado wadda ba ta ciwuwa, sai tiren doljabi, wato kayan da ake jera wa yaro ya zaɓa. Tufafin gargajiya na hanbok ƙarin kuɗi ne, kuma lamba 1 ake ɗaukar wa ɗan shekara ɗaya. Namiji yana samun riga mai hannu launi-launi da falmaran mai tsawo da hular hogeon ko bokgeon. Mace tana samun siket mai faɗi da hular gulle ko jobawi. Saitin kirki yana haɗawa da doguwar ɗamarar dolddi da safar tarae-beoseon mai ɗinkin hannu. Saitin da aka yi wa ƙwauro waɗannan biyun yake fara zubarwa, kuma a hoton talla ba a cika lura ba.

Ta fuskar kyan gani babu ƙorafi. Cikin rabin sa'a mutum ɗaya zai haɗa teburin idan ya bi hoton da aka saka a kwalin, kuma ya fi a sayo kaya a waje a aiko nesa ba kusa ba, domin allon bango da tebur suna cin kuɗin jirgi, ga uwar rainon da ɗakinta ba shi da wurin ajiye su bayan biki.

Tiren doljabi shi ne zuciyar ranar. Ana jera kaya gaban yaro, abin da ya fara ɗauka a ce ya nuna makomarsa. Zare tsawon rai, kuɗi ko shinkafa wadata, alƙalamin gashi ko littafi ilimi, baka da kibiya jarumta, kayan ɗinki fasahar hannu, busasshen ɗan itacen daechu, ɗan uwan magarya, yawan zuri'a. Masu haya sun ƙara na zamani: abin sauraren ƙirji na likita, gudumar alƙali, makirufo, ƙwallo. Yawancin 'yan ƙasar yanzu wasa suka ɗauke shi, shi ya sa za ka ga kaka tana turo takardar kuɗi gaba kaɗan da ɗan yatsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika tiren. Kaya shida zuwa takwas sun isa, a jera su rabin da'ira, nisansu da hannun yaro daidai da juna, in ba haka ba abin da ya fi kusa ko ya fi ƙyalli zai cafka. A cire kwabbai, a ɗaure zaren kada ya warware ya naɗe wuya, kuma a sa ido kan wainar ado, don baki za ta nufa.

Abinci ba ya cikin hayar, kuma nan mutanen waje suke tuntuɓe. Wainar gaske sai an yi odarta daban a shagon tteok, wato wainar shinkafa, na unguwa, a karɓa da safiyar ranar, domin farar baekseolgi tana bushewa ta yi tauri idan ta kwana a buɗe. Tare da ita ake sa susupatteok, ƙananan curi na garin dawa da aka mulmule cikin jan wake, wanda al'ada ta ce jansa yana korar sharri. Akwai songpyeon mai launi biyar, da miyar ciyawar teku ta miyeokguk wadda ba a bikin haihuwa sai da ita. Curin dawan da duk wata waina mai danƙo na manya ne. Ɗan shekara ɗaya zai iya shaƙewa da su.

Inda hidimar ta gaza wa masu jira wuri uku ne. Na farko, oda. Shagunan suna kan shafukan intanet na cikin gida irin su Naver, tattaunawa kuma ta manhajar saƙo ta KakaoTalk da harshen Koriya, kuma galibi suna neman lambar waya da hanyar biya ta ƙasar. Ga shi ba a ba iyayen riƙo adireshin uwar raino. Dole abin ya bi ta ofishin da ke kula da yaron, idan ofishin ya ce a'a, magana ta ƙare. Na biyu, nauyin haɗawa da wankewa da mayarwa duk yana kan matar da ba ita ta yi odar ba, kuma idan faranti ya lotse ko hanbok ya yi tabo, daga kuɗin ajiya ake cirewa. Sau da yawa ita ma ta riga ta shirya nata bikin da kayan da ta tara daga yaran da ta rena a baya. Aiko mata kwali uku ba tare da shawara ba cin fuska ne ko da an yi da kyakkyawar niyya.

Na uku shi ya fi nauyi. Kayan haya komawa suke yi. Yaron da ke gidan iyayensa ba ya rasa komai, don akwai masu ba shi labari. Wanda zai tashi a wata ƙasa da wani harshe, abin da ya taɓa da hannunsa ranar yana cikin 'yan abubuwan da zai riƙe daga shekararsa ta farko. Saboda haka tsarin da ya fi shi ne a yi hayar tebur da allon bango kawai, a sayi hanbok da kayan doljabi, a roƙi a ajiye su cikin jakar yaron har ranar miƙa shi. Idan za a buga suna a yadin bango, a sa sunansa na Koriya, wanda yake amsawa. Kafin hukuncin kotu shi ne sunansa a takarda. Zoben zinariya na al'ada, mai nauyin giram 3.75, gara a saya a riƙe a gida, kada a jefa shi cikin kayan aike.

Lokaci ma yana ɓata shiri. Idan ranar ta faɗo kusa da bikin sabuwar shekarar gargajiya na Seollal ko bikin girbi na Chuseok, kamfanonin aike suna cushewa, sai a yi oda da wuri a nemi a kawo kwana uku kafin. A ranar kuma a fara bayan yaro ya tashi daga barcin safe ya ci abinci. A ɗauki hotuna da cikakken hanbok tun farko, hula a ƙarshe, don da wuya ta yi minti ɗaya a kansa. Doljabi kuwa bidiyo za a roƙa, wayar a kwance, a fara ɗauka tun kafin a zaunar da shi, kuma a nemi uwar rainon ta rubuta a kati abin da ya ɗauka na farko da na biyu, da sunayen waɗanda suka halarta in ofis ya yarda.