Kwas ɗin Turanci da ya raba ni da "I look forward to hear from you"

Na gama wani kwas na Turanci ta intanet a satin da ya wuce, bidiyo ne gajeru gajeru da atisaye a ƙarshen kowane darasi, kuma gaba ɗayansa a kan abin nan ne da ake kira phrasal verbs, wato aikatau mai jela kamar give up, put off, look after, inda ƙaramar kalma ke manne wa aikatau ta sauya masa ma'ana. Ba zan kama sunan masu kwas ɗin ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi, amma wallahi kafin ƙorafin dole in faɗi alherinsu.

Abin da ya kai ni shi ne imel. Shekaru ina rufe saƙona da "I look forward to hear from you", har sai da wata abokiyar aiki ta ja ni gefe ta ce hearing ake cewa. Na tambaye ta dalili ta ce ita ma haka kawai ta ji ana faɗa. To a darasi na uku malamar ta warware min shi cikin minti biyar. Ta ce wannan to ɗin ba irin na want to go ba ne, ɗan'uwan in da at da for ne, kuma duk aikatau da ya biyo bayan irinsu sai ya ɗauki -ing. Ta ba da wata dabara da na riƙe har yanzu, in kana shakka ka saka suna a wurin ka gani, tunda ana iya cewa look forward to the holiday to lallai hearing ne zai zauna. Haka get round to doing, haka give up smoking, put off calling, end up paying, keep on talking. Ni dai nan take na ga ashe mu ma haka muke yi, muna cewa ya daina shan taba, ya ci gaba da magana, ai shan da magana ba aikatau tsura ba ne, sun koma kamar suna. Ba ta san Hausa ba, ni na haɗa da kaina, amma yadda ta shimfiɗa bayanin ne ya sa na gano.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na go on. He went on talking yana nufin ya ci gaba da maganar da yake yi bai tsaya ba, He went on to talk about money kuwa ya gama wani zance ne sannan ya shiga na kuɗi. Kalmomi kusan ɗaya, ma'ana daban. Ta kuma nuna waɗanda to irin na want to go ke biyo bayansu, kamar turn out to be da set out to do, don kada mutum ya ɗauka ko'ina -ing ne ya dinga liƙawa.

Sai ɓangaren mallaka, su my, your, his, her, kuma nan ne na fi daɗewa ina maimaita bidiyo. Akwai maganganun da mallakar ke cikinsu daram kuma tana bin mai aikin, make up your mind, in mace ce she made up her mind, in mu ne we made up our minds har da s a ƙarshe, kuma ana iya juyawa a ce make your mind up duk daidai ne. Haka take off your shoes da take your shoes off, duka biyun sun zauna. Amma da zarar takalman sun koma them to tsakiya kawai, take them off, ba a taɓa cewa take off them. Na ɗauka mine da yours ma haka suke sai ta nuna a'a, pick mine up da pick up mine duk ana faɗa. Sannan akwai waɗanda ba sa rabuwa ko kaɗan, look after my sister ne, ba a raba look da after. Ta ce in abin da ake magana a kai dogo ne gara a bar jelar kusa da aikatau, kada mai sauraro ya manta da ita kafin a iso. Ta kuma koya mana duba ƙamus da kyau, ƙamus ɗin Oxford na masu koyo yana saka 'yar kibiya mai kai biyu ↔ tsakanin jelar da abin da aikin ya faɗa wa in ana iya rabawa, ni kuwa na sha ganin kibiyar nan ban taɓa sanin aikinta ba.

Inda abubuwan biyu suka haɗu, mallaka da -ing, nan ne daɗin kwas ɗin kuma nan ne matsalarsa. Jimlar da aka ba mu ita ce I can't put up with his coming late. Ɗalibai da yawa a rukunin sun ce his ɗin ya yi musu banbarakwai, ni kam ban ji komai ba domin zuwansa ne sak, na gaji da zuwansa a makare, zuwa da -nsa a manne, mallaka a jikin aiki. Duk mai Hausa a baki yana da wannan ginin tun yana yaro. A bidiyon malamar ta faɗa da bakinta cewa him coming late ma daidai ne kuma shi aka fi ji a hira, his ɗin ya fi zama a rubutu na hukuma. Har ta ba da labarin cewa tsohuwar gardama ce, masanin Turanci ɗan Birtaniya H. W. Fowler ya dage sai da mallaka, masanin harshe ɗan Denmark Otto Jespersen ya ƙalubalance shi tun wajen 1926 da misalai daga rubutun manyan marubuta.

To amma da na zo atisaye na zaɓi him sai manhajar ta ja min jan layi ta ce na faɗi. Abin ya ɓata min rai gaskiya, ba don makin ba, sai don wanda bai kalli bidiyon da natsuwa ba zai tafi da cewa him kuskure ne, ya je yana gyara wa mutane maganar da ba ta da laifi. Na tura musu saƙo, sai bayan kwana tara aka amsa, amsar ma layi ɗaya ce wai za su duba, kuma har na gama ba a gyara ba. Rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo ma na'ura ce ke yinsa, sau da yawa off yana fitowa of, a kwas ɗin da duk rayuwarsa a kan waɗannan ƙananan kalmomin take wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Kuma babu wurin yin magana da baki a gyara maka, komai zaɓi ne da cike gurbi, don haka nauyin murya, wato yadda ake danna jelar a take it OFF, sai dai ka kwaikwaya kai kaɗai.

Wanda bai riga ya iya haɗa jimla ba kada ya fara da wannan, zai sha wuya domin ba a fassara komai kuma malamar tana da sauri, ni sai da na rage gudun bidiyon a darussan farko. Amma in kana rubuta imel ko rahoto da Turanci kullum kana kuma tsayawa kana tunanin to do ne ko to doing, ka yi shi, ka ajiye littafi a gefe kana rubuta kowane aikatau tare da cikakkiyar jimla taka ta kanka, kuma in atisayen ya saɓa wa bidiyon ka bi bidiyon. Jiya na rubuta wa shugabana "thank you for putting up with my asking so many questions" ban tsaya duba komai ba, na danna tura.