Abincin baji a Ingila: abin da ke cike da kantuna da abin da tsuntsun yake buƙata

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga bayanin da ka nema game da abincin ƙananan akun nan na Ostareliya da ake kira baji, da kuma kwalaben ƙarin gina jiki da ka ga ana tallarsu a intanet har kake so in saya in aiko maka. Ra'ayina, bayan na duba kantunan nan Ingila na kuma zauna da masu kiwo, shi ne yawancin waɗannan kwalabe an yi su ne don toshe giɓin da zaman cikin ɗaki da ƙarancin rana suka haifar a wannan ƙasa, don haka ba duka ne za su amfani tsuntsayenka ba, wasu ma za su iya cutar da su.

Baji a dajin Ostareliya tsuntsu ne mai nauyin giram 30 zuwa 40, wanda yake tafiya cikin garke yana bin inda ruwan sama ya sauka, yana cin 'ya'yan ciyayi iri-iri, busassu da ɗanyu, kuma yana ƙona abin da ya ci da tashi mai nisa. Wani masanin tsuntsaye mai suna John Gould ne ya kawo shi Ingila a shekarar 1840, kuma tun 1925 masu kiwonsa a nan suke da ƙungiyarsu, Budgerigar Society, wadda take shirya gasar nuna tsuntsaye. Tsuntsun gasar ya fi na daji girma da yawan gashi nesa ba kusa ba, amma cikinsa bai canza ba. Abin da ya canza shi ne yanzu yana zaune a keji, ba ya tashi, kuma busasshen hatsi kala biyu ko uku ne kawai a gabansa.

Hatsin da ake sayarwa a nan gauraye yake. A cikin kwali ɗaya za ka tarar da 'ya'yan ciyawar kanari, masu tsini da sheƙi, da farin gero da ja da rawaya, da ɗan hatsin ots da aka cire wa ɓawo. Geron nasu ba irin namu ba ne, wasu jinsuna ne masu ƙananan ƙwayoyi, akwai kuma wanda ake sayarwa da zangarniyarsa a rataya a keji, wanda tsuntsayen suke so ƙwarai har masu horar da su suke amfani da shi wajen saba musu da hannu. Manyan kantuna suna ajiye ƙananan kwalaye irin na Trill, su kuwa masu ɗakin tsuntsaye da yawa sun fi sayen buhu mai kilo 20 daga kamfanoni irin su Haith's na nan Ingila ko Versele-Laga na Beljiyam. Abin da ya burge ni a kayan nasu shi ne tsabta da rubutun da ke jikin kwali. An shiƙe hatsin an cire ƙura da tsakuwa, kuma doka ta tilasta a rubuta abin da ke ciki, da yawan furotin da mai da ke cikinsa, da bitamin ɗin da aka ƙara, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar da ya kamata a gama amfani da shi. Ana kuma bambanta abincin da ya wadatar shi kaɗai da wanda sai an haɗa shi da wani. Amma a wajen sabunta ka fi su, domin kai kana samun hatsin bana, su kuwa nasu ya tsallako teku ya kuma daɗe a ma'ajiya. Hanyar gwajin mai sauƙi ce: a zuba ɗan hatsi a kan jiƙaƙƙen tsumma a bar shi kwana uku ko huɗu, idan mafi yawansa ya tsira yana da rai, idan kuwa ya ƙi tsira ko ya yi fumfuna, bai dace da tsuntsu ba komai kyawun kwalinsa.

Matsalar busasshen hatsi, namu da nasu, ita ce yana ƙosarwa amma bai cika ba. Ba shi da isasshen bitamin A, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, babu bitamin D3 a cikinsa, kuma yana da ƙarancin aidin da wasu sassan furotin kamar laisin. Tsuntsun da ya shekara a kan hatsi zalla yakan yi ƙiba, hantarsa ta tara kitse, kumburin kitse ya fito masa a ƙirji ko ciki, kuma rashin bitamin A yana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro har ya riƙa kamuwa da ciwon numfashi. Wanda ya fi shahara a wajen baji shi ne maƙoƙo. Idan aidin ya yi ƙaranci, halittar da ke wuyansa takan kumbura ta ciki inda ido ba ya gani, ta danne hanyar abinci da ta iska, sai ka ga tsuntsu yana dawo da abin da ya ci, yana wata 'yar ƙara a duk numfashi, musamman da dare. Saboda wannan cuta ne Trill ya yi suna da ƙara aidin a hatsinsa, kuma saboda ita ake sayar da wani ɗan dunƙulen ma'adini, yawanci mai launin ruwan hoda, da waya a bayansa ta maƙalawa a keji. Wannan batu ya fi shafarka fiye da Baturen da ke nan, domin bincike a yammacin Sudan ya danganta yawan cin irin geronmu da maƙoƙo a jikin mutane, saboda wasu sinadarai da ke cikinsa masu hana jiki amfani da aidin yadda ya kamata. Wanda gero ne ginshiƙin abincin tsuntsayensa bai kamata ya rasa wannan dunƙule ba.

Akwai kuma abincin da ake kira felet, wato garin hatsi da waken suya da bitamin da aka kwaɓa aka dunƙula ƙanana, ta yadda tsuntsu ba zai iya tsince abin da yake so ya bar saura ba. Fitattun masu yinsa kamfanonin Amurka ne, irin su Harrison's, wanda likitan tsuntsaye ne ya kafa shi, da Roudybush da ZuPreem. Likitocin dabbobi sun fi yabonsa, tsofaffin masu kiwo na Ingila kuwa da yawansu suna nan a kan hatsi da ganye da abincin ƙwai, kuma gardamar ba ta ƙare ba. A ganina felet ya dace da mai tsuntsu ɗaya ko biyu a cikin falo, wanda ba shi da lokacin yanka ganye kullum, amma ga mai ɗakin tsuntsaye tsadarsa ta yi yawa, kuma idan aka buɗe ledarsa a ƙasa mai zafi ba ya jimawa ƙarfin bitamin ɗinsa yake raguwa. Haɗarinsa mafi girma yana wajen sauyi, domin bajin da ya tashi a kan hatsi ba ya gane felet abinci ne, yana iya zama da yunwa kwanon yana cike, kuma tsuntsu mai wannan ƙanƙanta ba ya jure rashin ci fiye da kwana ɗaya ko biyu.

Kwalaben da ka tambaya a kai sun kasu kashi-kashi: bitamin na ɗigawa a ruwan sha, garin bitamin na barbaɗawa, ruwan kalsiyam mai D3, garin ƙwayoyin halitta masu gyara ciki, da wasu da ake cewa na lokacin sake gashi ne. Na ɗigawa a ruwa su ne mafi arha kuma mafi ƙarancin amfani. Baji tsuntsun busasshiyar ƙasa ne, ruwan da yake sha kaɗan ne, don haka ba wanda ya san adadin da ya shiga cikinsa, kuma idan launi ko ɗanɗanon ruwan ya canza yana iya ƙaurace masa gaba ɗaya. Haske da zafi suna lalata bitamin ɗin cikin sa'o'i, sannan ruwan ya zama wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta, abin da a yanayinmu zai faru tun kafin azahar. Garin da ake barbaɗawa a kan jiƙaƙƙen ganye ko abincin ƙwai ya fi, irin wanda kamfanin Vetark yake yi, amma barbaɗa shi a kan busasshen hatsi asara ce, domin tsuntsun yana ɗaukar ƙwaya da bakinsa, ya juya ta da harshe, ya ɓare ta, ya yar da ɓawon tare da garin da ya manne a jikinsa.

A batun D3 ne bambancin ƙasashen biyu ya fi fitowa fili. Jikin tsuntsu yana haɗa wannan bitamin da kansa idan hasken rana ya taɓa shi kai tsaye, amma gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ke yin wannan aiki, kuma a nan daga kaka zuwa ƙarshen hunturu ranar ba ta da ƙarfin yinsa ko da a waje ne. Shi ya sa suke sayar da D3 a kwalba, har da fitilu na musamman da ake kunnawa a saman keji. Tsuntsun da ke ɗakin ragar waya a tsakar gida, yana shan hantsi yana kuma da inuwar da zai koma, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Bitamin A da D3 suna taruwa a jiki, ba sa fita da sauƙi, kuma D3 idan ya yi yawa yana sa kalsiyam ya daskare a ƙoda. Saboda haka haɗa felet da ƙarin bitamin kuskure ne, haka ma haɗa kwalabe biyu masu ɗauke da abu ɗaya.

Kalsiyam kuwa dole ne, musamman ga macen da ke ƙwai. Takan yi ƙwai huɗu zuwa shida, ta yi kwanci na kimanin kwana 18, kuma 'ya'yan sukan bar sheƙa bayan kusan wata guda, duk wannan daga jikinta yake fita. Idan ya yi mata ƙaranci ƙwai yakan zo da taushin ɓawo ko ya maƙale a cikinta, ka same ta a ƙasan keji ta kumbura gashi tana yunƙuri, kuma wannan yana kisa cikin gaggawa. Abin da kowa yake amfani da shi a nan shi ne farin ƙashin wata halittar teku mai suna katul, da dakakken ɓawon kawa, kuma ɓawon ƙwan kaza da aka tafasa aka busar aka daka yana yin irin wannan aiki. Tsakuwar da ba ta narkewa, wadda ake cewa tana taimakon ƙundu, likitoci da yawa sun daina ba da shawarar a ajiye ta da yawa, tunda baji yana ɓare hatsinsa, kuma marar lafiya yakan cika cikinsa da ita har ya toshe. Lokacin ciyar da 'ya'ya suna sayar da busasshen abincin ƙwai a leda, amma dafaffen ƙwai da aka murje ya wadatar, muddin an ɗauke ragowar bayan awa biyu.

Ganye da kayan lambu ba su da bambanci tsakanin nan da can: karas da aka goga, kabewa, ganye masu duhun kore, ɗanyar ciyawa mai 'ya'ya daga inda ba a yi feshi ba, da tsirarren hatsi da aka ɗauraye sosai. Latas ruwa ne kawai, alayyafo kuma a riƙa ba da shi jefi-jefi domin yana rage shigar kalsiyam jiki. Fiya (wato abokado), cakulan, kofi, albasa da abinci mai gishiri kada su kusanci keji, fiyar ma ita ce mafi haɗari.

Inda suka yi mana nisa da gaske shi ne hidima. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin ba ta abincin da ya dace, kuma ƙungiyar agaji ta PDSA, wadda aka kafa a 1917, tana duba dabbobin masu ƙaramin ƙarfi. Likitan da ya ƙware a kan tsuntsaye ba a kowane gari ake samunsa ba, kuma kuɗin ganinsa yakan ninka kuɗin tsuntsun kansa, amma idan an same shi yana aza tsuntsun a sikeli, ya shafa ƙashin ƙirjinsa ya ji ko nama ya zube, ya duba kashinsa a madubin likita. Ta haka ake gano wata cuta da ta yaɗu a ɗakunan baji, wadda ake kira megabakteriya, mai sa tsuntsu ya riƙa ci yana ramewa, ana ganin ƙwayar hatsi ɗungurungum a kashinsa. Mai kiwon da bai sani ba sai ya ɗauka rashin bitamin ne ya yi ta ɗura masa kwalabe, alhali maganin da likita yake rubutawa ne kaɗai ke aiki a kanta.

Don haka abin da zan aiko maka shi ne dunƙulen aidin, ƙashin katul, gwangwani ɗaya na garin bitamin don lokacin ƙwai da sake gashi, da ƙaramin sikeli mai auna giram ɗaya-ɗaya. Hatsi ba zan aiko ba, domin nauyinsa ya fi darajarsa kuma shigar da iri ƙasa yana buƙatar takardar lafiyar tsirrai. Ka riƙa auna kowane tsuntsu sau ɗaya a mako da safe kana rubutawa, kuma wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a ware shi a duba shi. Cokalin shayi ɗaya da rabi zuwa biyu na hatsi ya ishi tsuntsu ɗaya a yini, sai dai a gaya wa yaran da ke zuba musu abinci su riƙa hure ƙaiƙayin da ke taruwa a saman kwano kowace safiya, domin yana sa a ga kamar kwanon yana cike alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ƙarƙashinsa.