Bayan an ajiye ƙwallo: koci a ƙasar waje ko koci a Yamai?

Wani yayana da ya buga ƙwallon kwando shekaru a Faransa, gwiwa ta ce masa ya isa. Yanzu hanya biyu ce gabansa.

Ta farko, ya zauna can ya zama mataimakin koci. Albashi na zuwa kan lokaci, fili na katako ne, akwai likitan ƙungiya. Amma sai ya koma aji ya samu takardar horaswa, don sunan da ya yi a fili ba ya zama shaida. Kwantiragin ma na shekara ɗaya ko biyu ne. A ci ku sau huɗu a jere, koci ake fara nuna wa ƙofa. Ana dacewa dai: Stephon Marbury ya bar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya tafi Sin a 2010, ya ci kofi uku da Beijing Ducks, a 2019 aka ba shi horas da wata ƙungiya a birnin.

Ta biyu, ya dawo gida. Na raka shi wani fili da la'asar: siminti ya tsage, kwandon ba raga, yara ashirin na rabon ƙwallo biyu, wani da silifa. Kuɗin da koci ke samu a nan ba sa riƙe gida, sai da wata sana'a a gefe. Sai dai tun da aka soma BAL, gasar ƙwallon kwando ta ƙungiyoyin Afirka, a Kigali a 2021, idon masu neman 'yan wasa ya juyo Afirka, kuma yaranmu dogaye ne, mai koya musu ne babu.

Na ce, "Yaya, ni dai ka karɓo takardar can tukuna, sannan ka dawo." Ya yi shiru yana murza gwiwar.